Ziyara a Tsohon Filin Jiragen Yaƙi na Duxford

  Hirarmu ta yau ta tarihi ce. Za mu kai ku ƙasar Ingila, mu shiga wani gidan tarihi inda aka ajiye tsofaffin jiragen sama na yaƙi. Ku biyo mu a hankali, don a ƙarshe labarin zai biyo ta kusa da gida.

Mene ne gidan tarihi?

Wanda ya taɓa zuwa Yamai, wataƙila ya shiga gidan tarihin ƙasa. A can an ajiye tufafin da, da makamai, da kayan kiɗa, da ƙasusuwan manyan dabbobi waɗanda aka tono cikin hamada. A can ne kuma aka kai itacen Tenere, bayan da wata kamyo ta kaɓe shi a 1973. Itacen ya bushe, ba ya ba kowa inuwa. To, don me aka ajiye shi? An ajiye shi ne don yaran da ba su gan shi a tsaye ba su san an yi shi. Aikin gidan tarihi ke nan. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Gidan tarihin da za mu shiga yau ya bambanta da na Yamai. Shi filin jirgin sama ne sukutum, da rumfunansa, da ofisoshinsa, da hanyar da jirage ke gudu a kai kafin su tashi. Sunan wurin Duxford. Da bakinmu sai mu ce Dakasfod. Yana arewa da birnin Landan da wajen kilomita 80, kusa da garin Kambirij. Nisan bai kai na Maraɗi zuwa Katsina ba. Jiragen da ke wurin sun kusa 200, manya da ƙanana. Ba a ɗebo tarihin daga wani wuri aka kawo nan ba. A kan wannan fili aka yi shi.

Yadda aka kafa filin

Kun san an yi manyan yaƙe-yaƙe biyu na duniya. Na farko daga 1914 zuwa 1918. Na biyu daga 1939 zuwa 1945. An fara gina Duxford a 1917, ana tsakiyar yaƙi na farko. Cikin maginan har da sojojin Jamus waɗanda aka kama a fagen fama. A 1918 aka fara koya wa samari tuƙin jirgi a wurin.

In kun shiga, za ku ga manyan rumfuna guda 3 na wancan zamani, har yanzu suna tsaye. Ku ɗaga kai ku dubi rufinsu. Da katako aka yi shi, an saƙa shi kamar yadda ake saƙa asabari, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyar kowane ɗaki, don jirgi ya sami wurin shiga da fukafukansa. Rumfunan nan sun wuce shekara 100. Jiragen da aka fara ajiyewa cikinsu ma da katako da ƙyalle da waya aka yi su. Matuƙi yana zaune a fili, iska da sanyi suna dukansa.

Spitfire, jirgin da ya ɗaukaka sunan wurin

Ku matsa gaba, za ku ga wani ɗan ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya a hanci, da kujerar mutum ɗaya tak. Sunansa Spitfire. A watan Agusta 1938 aka fara ba sojojin sama na Ingila irinsa, kuma rundunar da ke Duxford, mai lamba 19, ita ce ta fara samu. Yana gudun kusan kilomita 580 a awa guda. Wato in ya tashi daga Maraɗi, ba zai cika rabin awa ba ya isa Damagaram.

Bindigogi 8 ke cikin fukafukansa, 4 dama, 4 hagu. Amma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. In matuƙi ya danna bindigogin bai ɗaga yatsa ba, cikin sakan 15 ko kusa da haka harsashinsa ya ƙare. Ku ƙirga daga 1 zuwa 15 a hankali. To, shi ke nan, sai ya juyo gida, in ya sami hanya. A ƙasa kanikawa da masu ɗura mai da masu loda harsashi suna jiransa. Su gyara, su ɗura, su loda, ya sake tashi. Wata rana sau uku, wata rana sau huɗu. Mutum ɗaya ake gani a sama, amma mutane da yawa ne suka tashe shi.

Kusa da shi akwai ɗan uwansa mai suna Hurricane. Bai kai Spitfire gudu ba, amma ya fi shi yawa a lokacin, ga shi da jimiri da sauƙin gyara. Ku riƙe sunan nan, za mu sake gamuwa da shi a Kano.

Shekarar 1940

A watan Yuni 1940 sojojin Hitler suka ci Faransa. Saura Ingila. Tsakanin Faransa da Ingila akwai ruwan teku. Kafin Jamus ta ƙetare da sojojinta, dole sai ta karya jiragen saman Ingila. Saboda haka daga watan Yuli zuwa Oktoba 1940 aka yi ta gwabzawa a sararin sama, kusan kullum.

A Duxford akwai wani ɗan gini mara tsawo, wanda bai ɗauki ido ba. Kada ku wuce shi. Nan ne ɗakin da ake ba jirage umurni. An mai da shi yadda ya ke a 1940. A tsakiya akwai babban tebur da taswira a kai. A bakin teku Ingila ta kafa wata na'ura mai suna rada, mai gano jirgi tun yana nesa, ido bai gan shi ba. Akwai kuma mutane a kan tuddai masu duban sama. Labarin da suka samu sai a aiko ta wayar tarho. Mata sojoji suna kewaye da tebur, kowace da doguwar sanda, suna tura ƴan alamu a kan taswira. Kumandan yana zaune a bisa, yana duba. In ya ga inda abokan gaba suka nufa, sai ya ce jirage kaza su tashi. Matan nan ba su harba bindiga ba, amma ba don su ba, da matuƙa sun yi ta yawo cikin gajimare kamar makafi.

Matuƙan da suka tashi daga nan ba Ingilishi kaɗai ba ne. Akwai ƴan Kanada. Akwai ƴan Cekoslobakiya da ƴan Polan, waɗanda Jamus ta ci ƙasashensu, suka gudo suka ci gaba da yaƙi a ƙasar wasu. A Duxford aka kafa rundunar Cekoslobakiya mai lamba 310, a watan Yuli 1940.

Akwai kuma wani mutum mai suna Douglas Bader. A 1931 ya faɗi da jirgi, saboda wasan ganganci da ya yi kusa da ƙasa. Likitoci suka yanke masa ƙafafu duka biyu. Aka yi masa ƙafafun ƙarfe, ya koyi tafiya da su ba sanda. Da yaƙi ya tashi ya matsa sai da aka mai da shi aiki. A watan Satumba 1940 shi ke jagorancin jirage wajen 60 a tashi ɗaya daga Duxford da wani fili na kusa. Manyan sojoji sun yi gardama a kan dabararsa. Wasu sun ce taron dangi ya fi tsoratar da abokin gaba. Wasu sun ce kafin jirage 60 su haɗu, bama-bamai sun riga sun faɗi. Har yau masu tarihi suna tattauna wannan magana. A 1941 jirginsa ya faɗi a Faransa, Jamusawa suka kama shi, ya zauna a hannunsu har 1945.

Ranar 15 ga Satumba 1940 aka yi babbar karawa a bisa Landan, jiragen Duxford suna ciki. Bayan kwana biyu Hitler ya ɗage shirin ƙetarowa, bai kuma sake yinsa ba. Ingila ta tsira. Amma cikin matuƙa kusan 3,000 da suka yi wannan yaƙi na wata huɗu, 544 sun mutu. Yawancinsu samari ne, ƴan shekara 20 da ƴan kai.

A rumfar da aka keɓe wa wannan yaƙi an ajiye wani jirgin Jamus, irin wanda ake kira Messerschmitt. Ya faɗo cikin wata gona a kudancin Ingila a ƙarshen Satumba 1940. An kwantar da shi a ƙasa kamar yadda aka same shi. Shi ma kujerar mutum ɗaya gare shi. Shi ma saurayi ne ya tuƙo shi, ɗan wata uwa.

Zuwan Amurkawa

A 1943 aka ba sojojin Amurka filin. Aikinsu raka manyan jirage masu ɗaukar bom zuwa Jamus, su kare su a hanya. A lokacin filin ciyawa ne, ba kwalta. Ingila kuwa ƙasar ruwan sama ce. Taɓo ya dame su har suka yi wa wurin laƙabi da Tafkin Agwagwa. Daga baya suka shimfiɗa faifan ƙarfe masu huji-huji a ƙasa, don ƙafafun jirgi su daina nutsewa.

A can gefen fili akwai wani babban gini mai rufi kamar ƙwarya a kife, gabansa duk gilashi. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe shi a 1997. Jiragen Amurka ne a ciki. Mafi girma shi ne B-52, wanda aka yi bayan yaƙi na biyu. Daga ƙarshen fiffike zuwa ƙarshen fiffike mita 56 ne, fiye da rabin tsawon filin ƙwallo. Akwai kuma B-17, irin wanda aka yi yaƙi na biyu da shi. Mutum 10 ke shiga cikinsa.

Amma kafin ku shiga, ku tsaya a bakin hanya. An jera allunan gilashi guda 52. A jikinsu an zana ƴan ƙananan hotunan jirage, layi-layi, kamar rubutu a allo. Kowane hoto yana madadin jirgin Amurka guda wanda ya tashi daga Ingila bai komo ba. Hotunan 7,031 ne. In kun ga hoton B-17 guda, ku tuna mutum 10 ke ciki. Wasu sun diro da laima an kama su. Wasu ba a sake jin labarinsu ba. Amurkawan da suka mutu suna tashi daga filayen Ingila sun kai wajen 30,000. Domin tunawa da su aka yi ginin.

Mutanen da ke ƙasa

Akwai wasu mutane kuma waɗanda ba a zana su a gilashi ba. Su ne waɗanda bom ya faɗa wa. Jirgin nan mai kyaun gani, ba don ado aka ƙera shi ba. Daga Satumba 1940 zuwa Mayu 1941, bama-baman Jamus sun kashe farar hula fiye da 40,000 a Ingila. A watan Yuli 1943 jiragen Ingila da na Amurka suka ƙone birnin Hamburg na Jamus, mutane wajen 40,000 suka mutu cikin ƴan kwanaki. A Fabrairu 1945 aka yi wa birnin Dresden haka, wajen mutum 25,000 suka halaka. Yawancinsu mata ne da yara da tsofaffi. Bom ba ya tambayar wane ne soja, wane ne jariri. Duk wanda ya tsaya gaban jiragen nan yana sha'awa, ya kamata ya tuna da wannan.

Inda labarin ya biyo ta wajenmu

Yanzu sai ku ce, mu ina ruwanmu da yaƙin Turawa a samaniyar Turai? To, ku saurara.

A Duxford akwai wani jirgi mai inji biyu, sunansa Blenheim. Masu gyara sun yi shekaru suna haɗa shi, har ya sake tashi a 2014. Hancinsa ma, bayan yaƙi wani mutum ya taɓa mai da shi ƴar mota yana yawo da ita, daga baya aka mai da shi jikin jirgi. Irin wannan jirgi da irin Hurricane, kakanninmu na Kano da Maiduguri sun gan su da idonsu.

Ga yadda aka yi. A 1940 Ingila tana da sojoji a Masar, suna bukatar jirage. Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, hanyar tekun Bahar Rum ta zama mai hatsari. In jirgin ruwa zai kewaye Afirka ta kudu kuwa, tafiyar ta yi tsawo ƙwarai. Sai aka sami dabara. A kwance jirgin sama, a sa shi cikin manyan akwatuna, jirgin ruwa ya kawo shi Takoradi, a ƙasar da ake kira Gana yanzu. A can kanikawa Turawa da ma'aikata ƴan Afirka su haɗa shi. Daga nan ya tashi zuwa Ikko, ya biyo Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, sai Janaina da Fashir a Darfur, sai Hartum, sai Masar. Tafiyar ta kusa kilomita 6,000, ana yin ta cikin kwana 6 ko kusa da haka. Blenheim guda yana gaba, don shi ke da mai duba taswira. Ƙananan jirage suna biye da shi kamar ayari a bayan madugu.

Ku sake duba sunayen garuruwan nan. Kano, Maiduguri, Cadi, Darfur, Hartum. Hanyar alhazai ce. Hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa da jaki zuwa Makka, wasu shekara da shekaru, ita jiragen yaƙi suka bi ta sama.

Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940. Zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Ba duka suka isa ba. Hazo da hadari da rairayi sun ci wasu. A kowane zango kuma, mutanen ƙasa ne suka sare daji, suka daidaita fili, suka ɗauki duwatsu, suka gangara gangunan mai.

Hanyar ba ta biyo ta Nijar ba. Ga dalili. Bayan faɗuwar Faransa, masu mulkin mallaka sun rabu biyu. Na Nijar da sauran Afirka ta Yamma suka bi gwamnatin Vichy, wadda ta yi sulhu da Jamus, har zuwa watan Nuwamba 1942. Gwamnan Cadi kuwa, Félix Éboué, baƙin mutum haifaffen Guyana ta Faransa, ya bi Janar de Gaulle ranar 26 ga Agusta 1940. Wannan ya sa jiragen Ingila suka sami izinin ratsa Cadi da sauka a Fort-Lamy. Jamusawa sun san amfanin wurin. A watan Janairu 1942 wani jirginsu guda ya ratso hamada daga Libiya, ya jefa bom a filin Fort-Lamy, ya ƙone man jirage mai yawa. Kun ga ke nan wutar ta zo har maƙwabta.

Yadda fili ya zama gidan tarihi

Bayan yaƙi sojojin Ingila suka karɓi filinsu, suka yi masa hanyar kankare, suka kawo jirage na zamani marasa farfela. A 1961 aka rufe shi, don ba ya biyan bukatar soja kuma. Ciyawa ta fara cinye wurin. A 1968 masu shirya silima suka zo yin fim a kan yaƙin 1940. Don abin ya yi kama da gaske, suka sa nakiya suka tarwatsa ɗaya daga tsofaffin rumfunan. Rumfar da ta tsira daga yaƙi, wasa ya rushe ta.

An yi shawarar a mai da wurin gidan yari, an yi ta filin wasanni, duk ba su yiwu ba. Sai hukumar gidan tarihin yaƙi ta Ingila ta nemi a ba ta wuri ta ajiye jiragenta. Mutanen gari masu son abin suka shigo da aikin sa kai, ba a biyansu ko dala. Suna kankare tsatsa, suna shafa fenti, suna neman kayan gyara. A 1976 Duxford ya zama reshen gidan tarihin. Har yau mai ziyara yana iya tsayawa ya kalli masu gyara suna aiki. Wasu daga tsofaffin jiragen suna tashi. A ranakun biki jama'a kan taru su ji ƙarar injin Spitfire a bisa filin da ya fara zama gidansa.

Abin da za mu riƙe

Ƴan uwa, wanda ya je Duxford ya ga ƙarfe kawai, bai gama gani ba. A bayan kowane jirgi akwai matuƙi, da bakanike, da mace mai sanda a bakin tebur, da lebura a Kano ko Maiduguri, da iyalin da bom ya faɗa wa gidansu. Waɗanda suka ga yaƙin nan da idonsu sun kusa ƙarewa. Da ba a ajiye kayan ba, da ba a rubuta sunaye da shekaru ba, da labarin ya bi su kabari.

Mu ma muna da namu. A garuruwanmu akwai gidajen da kakansu ya yi soja a wancan yaƙi. Wata lambar girma tana cikin akwati, wata takardar sallama tana cikin tsumma, wani hoto yana cin ƙura. Kada a zubar da su. Ku tambayi tsofaffi abin da iyayensu suka gaya musu, ku rubuta sunan mutumin, da garinsu, da shekarar da ya tafi, da ko ya komo. Waiwaye adon tafiya ne. Wanda ya san abin da yaƙi ya ci, shi ya fi sanin cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna tsakaninku:

1. Mene ne aikin matan da ke ɗakin taswira a 1940?
2. Don me jiragen Takoradi suka bi ta Kano da Cadi, ba su biyo ta Nijar ba?
3. A garinku, wane tsohon abu ne ya kamata a ajiye saboda ƴaƴa da jikoki?

Nan za mu dakata.